Turanci a Kan Allon Malam Junaidu

Malam Jelani na Wurno bai taɓa yin rantsuwa ya karya ba, kuma duk unguwa an san shi da haka. Ba ya yawan rantsewa, amma in ya ce wallahi, to magana ta mutu, ko hakimi ne ya zo biko sai dai ya sha ruwa ya koma.

A shekarun da aka fara sako ruwan dam ɗin Goronyo da rani, har fadama ta koma shar a lokacin da a da jakai kaɗai ke kiwo a cikinta, ɗansa Abubakar ya sami aikin tsaron ƙofofin ruwa a can. Kullum injiniyoyi na magana da Turanci a kansa, yana tsaye kamar turke, bai san ko yabonsa ake yi ko tsine masa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Don haka da 'yarsa Sauda ta gama firamare, yarinyar da ke hannun kakanninta tun daga yaye, sai ya zo Wurno ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya roƙi a bar ta ta shiga ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo.

Gidan nan gidan karatu ne tun kaka da kakanni, ba a taɓa ɗaga littafin boko a tsakar gidansa ba. Duk da haka Malam Jelani ya ce, "Na yarda. Amma wallahi ranar da boko yaƙ ƙetare zauren ga yash shiga cikin gidan Malam Junaidu, ranar karatunta ya ƙare." Ya tashi da kansa ya buga ƙusa a bangon zaure. A nan jakar Sauda ke kwana, a nan take ɗaukarta da safe. Zaure kuwa ba ya rabo da baƙin Malam, masu tambayar gado, masu neman addu'a, masu zaman hira kawai. Ina yarinya za ta tsuguna ta buɗe littafi a cikin dattawa? Wannan Malam bai tsaya ya duba ba.

Malam Junaidu da aka ambata shi ne mahaifinsa, kuma abin da ya fi daraja a cikin abin da ya bari allo ne. Wani tsohon allo mai faɗi, ya yi baƙi, ya yi santsi don wanki, kansa naɗe da fata. A rataye yake a ɗakin Malam Jelani, ba ya sauko da shi sai in abu ya yi tsanani, kamar mace ta daɗe a kan gwiwa haihuwa ta ƙi zuwa. Ko 'ya'yansa maza bai taɓa bari sun taɓa shi ba.

Rannan ana tsakiyar ban-ruwan albasa. Al'adar Malam ce in ya sallame azahar ya gangara fadama, ba ya dawowa sai rana ta yi ja. Sai injin ban-ruwa ya tuƙe ya ƙi tashi, aka ja igiya har hannu ya yi kanta, mai gyara kuma ya tafi cin kasuwar Goronyo. Malam ya saɓa fartanyarsa ya komo gida tun la'asar ba ta yi ba.

Tun daga bakin zaure ya ji muryoyin 'yan mata suna tashi suna sauka, da karin nan na makarantar allo da ko kurma ya ga kaɗa kai ya san shi. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce a ransa, ashe in ba na nan karatu ake yi. Ya tsaya ya kasa kunne don ya gane wace sura ce. Ya saurara, ya ƙara saurarawa. Kari dai nasu ne, amma kalma ko ɗaya bai kama ba. Ba Larabci ba ne, ba Hausa ba ce, ba kuma Fillanci ba. Wani abu ne mai kama da mutum na tauna tsakuwa.

Tun da aka haife shi bai taɓa shiga cikin gida ba sallama ba sai ran nan.

A ƙarƙashin darbejiya ya same su. 'Yan mata sun yi da'ira a kan tabarma, Sauda da Ladidi 'yar maƙwabcinsa da Mairo da waɗansu. Matarsa Azumi na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, da tsumagiya a hannu, ta haɗe fuska kamar wata malamar gaske. Ga kurtun tawadarsa, ga alƙalaminsa na kara. Ladidi na riƙe da ƙoƙo a baki, leɓenta ya yi baƙi. A kan cinyar Sauda kuwa, ga allon Malam Junaidu, cike da waɗansu ƙwanƙwamammun baƙaƙe da suka taso daga hagu suka nufi dama.

Fartanya ta suɓuce daga kafaɗarsa ta faɗi. Karatu ya ɗauke kamar an yanka shi da wuƙa.

"Mi na na?" in ji shi. "Azumi, mi nika gani haka?"

'Yan matan maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya ta bayan rumbu, ko takalma ba su tsaya ɗauka ba. Sauda ta sandare da allo a cinya, ta kasa ajiye shi, ta kasa riƙe shi.

Azumi ta miƙe a hankali, tana dafa gwiwa. "Sannu da zuwa, Malam. Yau ka yi sammakon dawowa."

"Ban tambaye ki sannu ba. Allon wa a wancan?"

"Na Baba na."

"Mi anka rubuta bisa?"

"Turanci na, Malam."

Ya kama bakinsa da hannu. Ya dubi ƙwaryar da ke gefe, rabinta ruwan tawada. "Wancan hwa?"

"Wanki na. In ta biya, sai a wanke ta sha."

"Ta sha! Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Turanci kuka sha gidan ga? Bisa allon Malam Junaidu?"

Azumi ba mace ce mai tsiwa ba, amma tsufa ya cire mata tsoro. Ta ce, "Malam, ka bari in hwaɗa maka. Malaminsu na Turanci, wani Zayyanu, kowane mako shina ba su sabbin kalmomi, ranar Juma'a shi tambaye su. Wadda ba ta iya ba sai ta yi gwiwa bisa tsakuwa. Sauda, nuna mai gwiwarki." Yarinya ba ta motsa ba. "To ni na gani, dut ta yi kanta. Kullum ita a ta ƙarshe. Ba ta da inda za ta duba littahi. Ni ban san boko ba, amma gidan ga nit tsuhwa, na san yadda aka sa karatu cikin yaro shi zamna. Nic ce ta rubuta da hannunta, ta yi ta maimaitawa har shi shiga, ta kihe allo ta biya man babu gargada. In tag gargaɗa, ba ni bari a wanke. Awa yadda Baba yay yi maka. Da uwayen su Ladidi sunka ji ta hwara ɗaga hannu cikin aji, sai sunka turo nasu."

"Ni nic ce boko ba shi ƙetare zaure."

"Littahi shina nan rataye ga ƙusarka, tahi ka duba. Ga tahin hannunta taka zowa da su."

Sauda ta buɗe hannu. Tafin cike yake da shuɗin biro, ƙananan rubutu har kan yatsu. Ashe da hannun da take miƙa masa buta kullum, da shi take shigo da abin.

"Kuma dut alluna da ke gidan ga, sai na Baba?"

"Nic ce shi ya hi albarka."

Malam Jelani ya nuna Sauda da yatsa. Ya ce, "Yanzu jikata cikinta cike da maganar Nasara. Wa yas san mi tash sha? Wa yas san mi za shi tsiro mata ga zucciya?"

Azumi ta murza bakin zanenta. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ai kai ma ka sha, Malam, kuma ga ka lahiya lau."

"Wa?"

"Kai. Makon jiya. Kad dawo daga hwadama da ƙishi, kag ga ƙoƙo bisa murhin randa, kaz zaci rubutun ciwon gwiwarka na da nika wanke maka. Kahin in buɗe baki ka shanye. Har kac ce tawadar ta ji ƙaro."

Turmi ne kusa da shi, a kansa ya zauna. Mutumin da in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba. Ya tuna ranar sarai. Ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙoƙo, ya shafa sauran a gwiwa, ya tafi ya ja mutane sallar magariba da Turanci a cikinsa. Da ya tashi, sai ya karɓe allon daga cinyar Sauda da hannu biyu, kamar mai ɗaukar jariri daga wuta.

"Gobe da sahe ki shirya," in ji shi. "Mu maida ma gwamnati kayanta. Na rantse, kuma kin ji sa'adda nir rantse."

Bai wanke allon ba. So yake a karanta masa abin da ke kansa, daga bakin wanda ba matarsa ba, ba jikarsa ba.

Da safe ya naɗe allon a tsohon rawani, ya tasa Sauda gaba da jakarta. Bai taɓa taka makarantar ba. Suka iske Malam Zayyanu a baranda, wani siririn saurayi mutumin Rabah, wandonsa duk farin alli. Da ganin dattijo sai ya cire hula ya rusuna.

"Allah gahwarta Malam, kwal lahiya? Baba, lahiya da kanka?"

"Kai a mai ba ɗiyan mutane Turanci su sha?"

"Su sha, Baba?"

Malam ya warware rawani ya nuna masa, ya gaya masa abin da ya gani ƙarƙashin darbejiya, bai rage kome ba. Bakin Zayyanu ya buɗe ya ƙi rufuwa.

"Sha sukai? Da baki? Su Ladidi da Mairo duka?" Ya dafe kai. "Wallahi Baba ban sani ba. Ni dai na ga ɗiyan unguwarku sun tashi lokaci guda, har nic ce ma shugaban makaranta ko wani malami anka ɗauka musu. Shi ya sa Ladidi leɓenta kullum baƙi! Ni na ɗauka tsamiyar biri taka ci."

"Bar wannan. Karanta man. Kuma ka ji tsoron Allah, kada ka ɓoye ko guda."

Zayyanu ya miƙa hannu zai karɓi allon, Malam ya janye. "Da ido."

Ya sunkuya ya fara. Yana faɗin kalma, yana faɗin ma'anarta. Wannan madatsar ruwa. Wannan magudana. Wannan iri, wannan taki, wannan girbi. Wannan fari, in ruwa ya ƙi sauka. Wannan ambaliya. Wannan maƙwabci. Ta ƙarshe, amana.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Darasin noma muka ciki."

"Babu sunan wani abin bauta? Babu zagi?"

"Babu."

Malam ya dubi allon. Shi da ya kwana yana zaton an ɗora wa allon mahaifinsa kafirci, ashe taki aka ɗora masa. Bai san ko wannan sauƙi ne ko ƙarin wulaƙanci ba. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga ba kowa kusa, sannan ya rage murya.

"Makon jiya mi kab ba su?"

"Sassan jiki, Baba."

"To na sha wannan. Ƙoƙo guda cur. Tambaye ni."

Zayyanu ya dube shi, ya ga ba wasa a fuskar. Ya haɗiye abin da ya taso masa, don ya san in ya yi dariya yarinya ta tafi ke nan. Ya faɗi wata kalma. Malam ya rufe ido ya jira, yana sauraren cikinsa ko wani abu zai amsa. Shiru. Zayyanu ya faɗi wata. Shiru. Ya nuna hancinsa ya ce Bature mi yake kiran wannan. Malam ya buɗe ido.

"Babu komi. Ko ƙwaya."

"Baba, ai ruwa na da tawada."

"Na san ruwa na da tawada, ba kai za ka gaya man ba. Rubutun da muka ba mutane, albarkarshi ga maganar Allah take. Wanga ba ya da abin da za shi ba ciki." Ya juya ga jikarsa. "Ke. Taho nan."

Ya kifa allon a ƙirjinsa, rubutu na kallon rigarsa, yadda mahaifinsa ke yi in za a biya. Ya ce da Zayyanu ya faɗi Hausa, ita ta kawo Turanci. Sauda ta share hawaye da bakin hijabi ta tsuguna. Aka ce magudana, ta kawo. Aka ce ambaliya, ta kawo. Aka birkita su, aka dawo daga ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ba. Zayyanu ya koma na makon jiya, ya koma na watan da ya wuce, ya ce ta saka wannan a cikin magana, ta saka. Tun tana yi da muryar kuka har ta manta da kukan. Jikinta ya fara kaɗawa gaba da baya, babban yatsanta na bin gaɓoɓin sauran yatsu, kowace kalma gaɓa guda.

Abin da ya kama Malam Jelani ke nan. Mutum ɗaya ya sani mai bin gaɓoɓin yatsu haka in yana tilawa, kuma ya daɗe a ƙasa. Abubakar ya gudu daga allo ya bi inji. Ƙasimu da Sale, ƙannensa, da ƙyar da bulala suka kai inda suka kai, suka koma fataucin albasa. Shekara da shekaru yana duban 'ya'yansa maza yana neman kan Malam Junaidu, ashe kan na nan yana miƙa masa buta safe da yamma, bai taɓa dubansa ba.

Zayyanu ya ce, "Baba, yarinyar ga in anka bar ta, ba a san inda za ta tsaya ba. Kuma laihin ba nata..."

"Ban tambaye ka ba. Rantsuwa niy yi."

Sauda ba ta roƙe shi ba. Ta san kakanta. Ta miƙe, ta cire jakar daga wuyanta, ta ajiye a gaban malaminta da hannu biyu, ta ce, "Malam, na gode." Ta koma bayan kakanta ta tsaya, tana jiran a ce a tafi.

Malam Jelani ya dubi jakar a ƙasa. Ya naɗe allon a hankali, ya ɗaure bakin rawani, ya sake kwancewa ya ɗaure.

"Ɗauki jakarki ki shiga aji," ya ce. "An buga ƙararrawa tun ɗazu, kina tsaye awa wadda ba ta da aiki." Ya nuna Zayyanu da yatsa. "Kai kuma, in nis sake jin ɗiyar mutane ta yi gwiwa bisa tsakuwa, ni da kai na."

Da ya isa gida bai yi wa Azumi magana ba. Ya ɗebi ruwa ya wanke allon da hannunsa, ya yi ta wankewa har ya tabbata ko inuwar baƙi ba ta saura ba, ya naɗe shi ya saka a akwati ya kulle. Sannan ya hau rumbu ya sauko da dammunan gero, ya sa aka sussuka, ya auna da mudu, ya bi gidajen miskinai da ƙafarsa yana miƙawa. Kowa ya ga awon ya san na mene ne. Kafin la'asar magana ta gama unguwa: Malam Jelani na kaffarar rantsuwa.

A bakin masallaci amininsa Mode ya tare shi, idanu waje. "Malam, gaskiya ta? Kai? Rantsuwa kak karya?"

"Na karya."

"Subhanallahi! Bisa mi?"

"Bisa abin da yaf fi ta. Matsa in yi alwala."

Ranar kasuwa ya sayo sabbin alluna wurin masassaƙi, ya sa maƙeri ya yi wa kowanne alama da wuta a kai don kada a taɓa haɗa su da na karatun Alƙur'ani. Ya kafa doka. Boko ya koma zaure inda ya ce tun farko, amma daga la'asar zuwa faɗuwar rana zaure na 'yan mata ne, mai tambayar gado ya jira a waje. Ruwan wanki a gindin zogale za a zuba, duk wadda ta kai shi baki ta bar gidan. Azumi ta ce to wa zai riƙe tsumagiya, tunda ita ba ta zama zaure. Ya ce shi bai ga wanda ya fi shi hannu ba.

Haka masu wucewa suka riƙa tsayawa suna leƙe, suna kama baki. Malam Jelani ɗan Malam Junaidu a kan buzunsa, 'yan mata kewaye da shi suna rera Turanci.

Juma'ar da ta biyo, da jajibirinta, Sauda ta zo biyawa. Ta riƙe allo a gabanta ta fara zubo kalmomi, har ta kusa ƙarewa.

"Koma," in ji Malam. "Ba a wanke ba."

"Baba Malam, ai daidai niy yi! Kai da ba ka jin ko guda, ƙaƙa anka yi kas sani?"

"Na ga idonki ya sauka bisa allo. Kawo shi nan."

Ya karɓa ya kifa a ƙirjinsa. Ta zumɓura baki, ta gyara zama, ta ɗauko daga farko.